Daga Paducah Zuwa Hamilton: Neman Keke Mai Dogon Hannu

Paducah ƙaramin gari ne a yammacin jihar Kentucky ta Amurka, daidai inda kogin Tennessee ke zubewa cikin kogin Ohio. Mazaunansa ba su kai 30,000 ba. Wanda ya ratsa ta nan da hunturu, abin da zai gani bai wuce jiragen ruwa masu tura kwal da hatsi ba, sai tsofaffin gine-ginen jan bulo, sai doguwar katangar kankare da aka gina bayan ambaliyar 1937 ta shanye garin, wadda yanzu aka cika fuskarta da zane-zanen tarihi. Amma a ƙarshen watan Afrilu, lokacin da itatuwan bakin titi suka yi fari fat da fure, garin kan cika ya batse da baƙi, galibinsu mata masu furfura, kowace da jakar yadi a kafaɗa. Otal-otal kan ƙare tun da watanni, har mutanen gari su riƙa saukar da baƙi a gidajensu. Makon baje kolin bargon ƙyallaye ke nan, wanda ƙungiyar American Quilter's Society ke shiryawa kowace shekara.

Yayata ce ta kai ni. Ta yi shekaru tana aikin jinya a birnin St. Louis, kuma tun kafin ta yi ritaya wata maƙwabciyarta ta koya mata wannan sana'a ta yanka yadi ƙanana-ƙanana a harhaɗa su zama zane guda. Ta kamu da son abin sosai. A ɗakin baƙinta akwai kabad cike da fuskokin barguna da ta gama haɗawa, wasu da ragowar atamfar da muke aika mata daga gida, amma ba ko ɗaya da za a iya lulluɓa da shi. Duk sun tsaya a mataki guda.

Bargon irin wannan falle uku ne. Akwai fuska, wato ƙyallayen da aka harhaɗa. Akwai shimfiɗaɗɗiyar auduga a tsakiya. Akwai yadin baya. Ba ya zama bargo sai an bi shi da ɗinki daga wannan gefe zuwa wancan, ɗinkin da zai ratsa fallayen uku ya kama su, don kada audugar ta dunƙule in an wanke. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifidi ranar hawan Sallah ya ga yadi da aka cusa wa auduga aka bi da ɗinki, kuma tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ne ya fara kawo lifidi fagen yaƙi, sama da shekara 600 da suka wuce. Bambancin shi ne a Amurka wannan ɗinki ya zauna a ɗakin kwana, ya zama abin da kaka ke yi wa jika, ya kuma zama kasuwa.

To, wannan ɗinki na ƙarshe shi ne ya gagari Yaya. A keken ɗinki na gida, ratar da ke tsakanin allura da gindin keke ba ta wuce inci 6 zuwa 9 ba. Ta cikin wannan 'yar rata za ka nannaɗe bargon da ya kai inci 90 ka riƙa cusawa kana ja, nauyinsa yana zamewa ƙasa yana fizgar allura. Kafin a gama guda ɗaya kafaɗa ta yi tsami, wuya ya sage. Mafi yawan masu wannan sana'a sai su kai wa wadda ke da babban keke su biya ta, su jira. Yaya ta gaji da jira, ta ce nata take so.

Mun taso daga St. Louis bayan asuba, muka keta gonakin kudancin Illinois, filaye shimfiɗe har iyakar gani, ba a daɗe da fara shukar masara ba. Tafiyar kamar awa uku ce. Da muka haye gadar Ohio muka nufi babban zauren baje koli da ke bakin ruwa, kuma tun daga ƙofa ake jin ƙarar kekunan.

A nan na fara ganin keke mai dogon hannu, kuma gani ya kori ji. Dogon teburin ƙarfe ne, ƙafa 10 ko 12, wani har 14, da sanduna masu juyawa a tsawonsa. Ana naɗa yadin baya a sanda ɗaya, fuska a wata, a shimfiɗa audugar a tsakani, a ɗame su su miƙe sumul. Kan keken kuma, wanda hannunsa ya kai inci 18 ko 20 ko 26, yana zaune ne a kan 'yan tayoyi bisa dogo, yana tafiya gaba da baya, hagu da dama. Mai ɗinki na tsaye, ta kama mariƙai biyu tana tuƙa shi. A keken da muka sani allura ce ke zaune wuri ɗaya ana tura mata yadi. A nan yadin ne ke kwance, allurar ke yawo a kansa kamar alƙalami a kan allo. In an gama ɗinke abin da hannun ya iya kaiwa, sai a murɗa sanda, ɓangaren da aka gama ya naɗe, sabo ya fito.

Kowane kamfani ya kafa rumfarsa ya ɗaura farin yadi don duk mai so ya gwada. Ga Gammill, wanda mai shi Ken Gammill ya fara ƙera irin wannan keke a garin West Plains na jihar Missouri wajen 1980, kuma da yawa shi suke ɗauka a matsayin wanda ya fito da shi daga masana'anta ya kawo shi hannun talakan mai ɗinki. Ga APQS daga garin Carroll na Iowa. Ga Handi Quilter da Grace, dukansu daga Utah. Ga Innova daga Texas, ga Bernina ta Suwizalan, ga Juki ta Japan da telolinmu suka sani farin sani. Yaya ta zo da takarda ta rubuta farashi da girma da saurin kowanne, amma ba a jima ba ta mayar da takardar jaka. Abin da ke takarda daban, abin da hannu ke ji daban. Wani keken da ya fi kowanne kyau a hoto, da ta kama shi sai ta ji yana kaɗa mata tafin hannu in ya yi gudu. Wani kuma yana tafiya lafiya lau in an miƙe, amma in ta zo zana da'ira sai ya ɗan cije a kwana, da'irar ta fito da kusurwa. Wani mai nauyi da take tsoro, shi ne ya bi hannunta ba gardama.

"Auta, zo ki kama wannan ki ji," in ji ta.

Na kama. Na rubuta sunan mahaifiyarmu da zare a kan yadin, harafi bayan harafi, kuma na fahimci abin da ya sa matan nan ke tsayawa layi.

Matar da ke kula da rumfar ta nuna mana abin da ya sa takun ɗinkin ya fito daidai duk da hannuna sabo ne. A jikin tayoyin akwai 'yan na'urori da ke auna saurin tafiyar keken su gaya wa injin. In ka yi sauri allura ta ƙara gudu, in ka sassauta ta sassauta, sai taku ya zauna a 10 ko 12 cikin kowane inci, yadda ka saita. Ta kashe na'urar ta ce in sake. Nan da nan ɗinkin ya nuna kansa, wani taku dogo, wani ƙanƙane. Ta ce ƙwararru da yawa kan kashe ta da gangan in za su yi ƙananan zane, don sun saba da waƙar injin, amma mai koyo kada ta sayi keken da ba shi da ita. A ganina wannan ce shawara ɗaya da ba ta da ja-in-ja a cikin duk abin da muka ji.

Sauran kuwa duk da ja-in-ja. Ɗauki tsawon hannun. Mai sayarwa zai ce babba ya fi, kuma yana da hujja: bargon da aka gama yana naɗewa ne a sandar da ke cikin hannun keken, kullum naɗin na ƙara kauri yana cin wuri, shi ya sa keke mai inci 18 ba ya ba ka filin inci 18, kuma filin yana raguwa in an doshi ƙarshen bargo. Amma Yaya ba doguwa ba ce. Da ta tsaya gaban mai inci 26 ta tura shi can ƙurya, sai ga ta ta yi ɗage, ta rankwafa, ba ta ma ganin allurar. Wannan filin da za ta biya kuɗinsa, hannunta ba zai taɓa kaiwa gare shi ba. Babban keke ya dace da wadda za ta bar wa kwamfuta tuƙi, ko wadda za ta tsaya ta bayan teburi tana bin zanen doguwar takarda da ɗigon jan haske, irin zanen da ke maimaita kansa daga gefe zuwa gefe. Wadda ke son ta tsaya ta gaba ta zana abin da ke ranta, tsawon hannunta ne ma'auni.

Sai kwamfuta. Tun da Paul Statler, shi ma ɗan Missouri, ya haɗa keken da kwamfuta, abin da ake kira Statler Stitcher, kusan kowane kamfani ya fito da tasa. Za ka zaɓi zane a allo, ka nuna mata iyakar bargon, ka danna, keken ya kama tafiya shi kaɗai. Na tsaya kallo har na manta da kaina, yana zana fuka-fukai da ganyaye ba kuskure ko na gashi. Kuɗin ne ke dawo da mutum hayyacinsa. Ƙaramin keke da teburinsa yana farawa daga wajen dala 5,000. Matsakaici yakan haura 10,000. Babba mai kwamfuta yana wuce 30,000, kuɗin sabuwar mota. Sau da yawa kwamfutar kaɗai takan kusa kuɗin keken.

Da rana ta take muka fita muka taka zuwa National Quilt Museum, gidan adana bargunan da Bill da Meredith Schroeder suka buɗe a 1991. Su ne kuma suka kafa ƙungiyar da ke shirya bikin, a 1984. A wannan gida ake ajiye da yawa daga bargunan da suka ci babbar kyautar Paducah. Wanda labarinsa ya fi tsaya mini shi ne Corona II: Solar Eclipse, na Caryl Bryer Fallert, hoton kusufin rana da launuka masu juyawa. A 1989 ya ci babbar kyauta, kuma shi ne na farko da aka yi wa ɗinkin ƙarshe da keke ya kai wannan matsayi. An yi ta ce-ce-ku-ce, masu ɗinkin hannu suna ganin an ci amanar sana'a. Na fahimci zafinsu. Matar da ta shekara tana soka allura da yatsa har ya yi kanta, ba za ta ji daɗi a ce inji ya sha gabanta ba. Amma ban yarda keke ya kashe sana'ar ba. Wanda ya tsaya gaban aikin da aka yi da dogon hannu ya duba yadda aka cika kowane lungu da zanen da ya dace da shi, ya san akwai ido da haƙuri a wurin. Ni dai inda nake da shakka shi ne bargon da kwamfuta ta bi da zane guda daga sama har ƙasa ba tare da ta san inda fure yake ko inda tauraro yake ba. Yana da amfani, yana da ƙarko, yaro zai yi barci a cikinsa. Amma ba shi ne ya sa Yaya ta yi dare tana yanka atamfa ba.

A layin sayen abinci muka haɗu da wata dattijuwa daga Tennessee, ta ga takardun kamfanoni a hannun Yaya ta tambaye ta ko ta auna ɗakinta. Yaya ta ce ta auna tsawo. Dattijuwar ta girgiza kai. Ta ce teburin ƙafa 12 yana son ɗakin da ya kai ƙafa 15 ko fiye, don sai ka zagaya ta gefe ɗaya aƙalla, kuma yana son faɗin wajen ƙafa 8, saboda keken na fita ta baya in an tura shi, ga mai ɗinki a gaba, ga ta kuma wani lokaci a baya. Ta ce ta san matan da suka fitar da teburin cin abinci daga falo, da waɗanda suka kori mota daga gareji, da wadda aka kawo mata sanduna suka ƙi shan kwanar matakalar ɗakin ƙasa sai da aka cire taga. Sannan ta faɗi maganar da ta canja mana tafiya.

"Kada ki sayi keke a nan saboda rangwamen biki. Ki fara tambaya wa zai gyara miki shi, kuma nisansa nawa da gidanki."

Shi ya sa ba mu sayi keke a Paducah ba. Bayan mun koma St. Louis mun huta, muka sake ɗaukar hanya, wannan karon arewa maso yamma, zuwa garin Hamilton. Mun bi gefen kogin Misisipi har Hannibal, garin da marubuci Mark Twain ya tashi, muka karya yamma a kan hanya mai lamba 36, wadda ta miƙe sak tsakanin makiyayun shanu da rumbunan ƙarfe. A wani wurin hutawar matafiya muka shimfiɗa darduma bayan mota muka sallaci azahar, iska na kaɗa mana mayafi, muka ci dambun naman da na zo da shi daga gida. Da la'asar muka shiga Hamilton.

Hamilton ba ta kai mutum 2,000 ba. A da abin da aka san ta da shi shi ne nan aka haifi J. C. Penney, mai manyan kantunan nan na Amurka. Shagunan babban titinta sun daɗe a rufe, kamar sauran ƙananan garuruwan noma da matasa suka gudu suka bari. A 2008, da tattalin arziki ya karye ya taɓa ajiyar tsufan iyayensu, biyu daga 'ya'yan wata mata mai suna Jenny Doan, wato Al da Sarah, suka ci bashi suka saya mata keke mai dogon hannu don ta riƙa yi wa mutane ɗinki tana samun na cefane. Keken ya fi ƙarfin gidansu, dole suka nemo masa wani tsohon gini. Daga nan kamfanin Missouri Star ya faro. Ɗan ya sa uwar a gaban kyamara tana koyar da ɗinki a YouTube, mutane suka fara neman yadin da suka gani a hannunta, kasuwa ta buɗe. Yau shagunansu sun fi goma a kan titi guda, kowanne da irin yadinsa, ga wurin kwanan baƙi masu zuwa koyo, ga motocin safa suna sauke mata daga jihohi masu nisa. Sun zama mafi ɗaukar ma'aikata a yankin.

Labari ne mai daɗi, kuma na ji daɗin ganin garin da ya mutu ya farfaɗo ta hanyar zare da allura. Amma ina jin tsoron abin da yake sa wa mutane a rai. Na ji mata fiye da ɗaya a shagunan nan suna cewa keken zai biya kuɗin kansa. Lissafin ba shi da wuya. Ɗinkin zane guda daga gefe zuwa gefe ana biyansa ne da murabba'in inci, yawanci senti 2 zuwa 3. Bargon inci 90 da 100 murabba'in inci 9,000 ke nan, wato dala 180 zuwa 270. A cire zare da allura da wuta da haraji. Keken dala 20,000 sai ya ci barguna wajen ɗari kafin ya dawo da uwar kuɗi, ba a ma zo maganar ladan tsayuwa ba. Abin da ya ɗaga iyalin Doan sayar da yadi ne da fuskar uwarsu a bidiyo; keken ƙofa kawai ya buɗe musu.

Wata ma'aikaciyar shago ce ta haɗa mu da ƙawarta da ke wannan aiki a gida, can cikin gonaki, kuma wannan ziyara ta fi mini duk rumfunan Paducah amfani. Matar ta sauko da mu ɗakin ƙasa. Keken ya cinye ɗakin daga bango zuwa bango. An shimfiɗa tabarmar roba mai kauri inda take tsayawa, an jera fitilu a sama, ga manyan naɗin auduga a ƙarƙashin teburi, ga bargunan mutane rataye kowanne da takardar mai shi. Kafin ta kunna sai da ta ɗauki buroshi ta share ƙurar auduga daga mazaunin bobin, ta ɗiga masa mai, ta goge dogo da tayoyi, domin a cewarta ɗan guntun zare ɗaya a kan dogo ya isa ya karya layin da kake ja. Allura kuma sabuwa take sa wa kusan kowane bargo. Allurar irin ta kekunan masana'anta ce, gindinta mulmulalle, babu gefen da aka daddale da zai nuna maka yadda za ta zauna, sai ka duba da ido ka tabbatar raminta ya fuskanci inda ya kamata.

Ta daɗe a kan maganar tsaurin zare, kuma na ga dalili. Zaren sama da na bobin dole su haɗu su ƙulle a tsakiyar audugar. In na sama ya yi sako-sako, sai ka ga madaukai a bayan bargo. In ya yi tsauri, sai ya jawo na ƙasa ya fito fuska. Wahalar ita ce bayan bargon yana kallon ƙasa, ba ka ganinsa kana ɗinki. Ta nuna mana madubi da tocila da take leƙawa da su, da ɗan ma'aunin da take gwada jan bobin da shi, da guntun yadin da take gwaji a gefe duk lokacin da ta canja zare. Ta ce awa ɗaya ta ɗinkin da ya lalace tana iya cin yini guda wajen farkewa. Yaya ta tambaye ta ko kwamfuta na raba mutum da wannan. Ta yi dariya ta ce kwamfuta ba ta san zare ya tsinke ko yadi ya tattare ba sai an sa mata ido, kuma ba ta ɗaura bargo a sanda.

Ɗaurawar ma aiki ce. Yadin baya dole ya fi fuska da wajen inci 4 ta kowane gefe, don a sami abin da maƙalai za su kama, shi ya sa ake sayar da yadi na musamman mai faɗin inci 108. Dole a daidaita shi ya miƙe, a maƙala shi da fil a jikin zanen da ke manne da sanda, a bi a hankali. In mai bargo ta ɗinka bakinsa ya yi tattara, a kan teburin nan asirin ke tonuwa, kuma mai keke ce za ta san yadda za ta lallaɓa shi ya kwanta.

Da za mu tafi, Yaya ta yi mata tambayar da ta taho da ita tun daga gida: in da za ta sake, za ta saya?

Ta ce za ta saya, amma da ta san abin da ta sani yanzu, da ta fara da haya. Shagunan yadi da yawa suna da keke a bayan kanti. Za ka yi darasin yini ɗaya, daga nan ka riƙa biyan kuɗin awa kana ɗinke naka. Ta ce a nan mace ke gane ko ɗinkin ƙarshen take so, ko kuwa haɗa ƙyallaye kawai take so, ta ga bargonta ya kammala. Biyun ba ɗaya ba ne. Ta ce kekunan da ake tallatawa na hannu, waɗanda ba su yi wani aiki ba, yawancinsu na matan da ba su yi wa kansu wannan tambaya ba ne. Ta kuma ambaci irin wanda ake zama a gabansa, mai dogon hannu amma ba dogo ba tayoyi, kai ke tura yadi a kan faffaɗan tebur; ya fi araha, ba ya cin ɗaki, kuma ya dace da mai ciwon gwiwa.

A hanyar dawowa dare ya yi mana. Ni ce na tayar da maganar da ke cina tun Paducah.

"Yaya, in aka kai irin wannan Kano fa? Ga ragowar atamfa da shadda telolinmu na sharewa suna zubarwa."

Ta yi shiru tana tuƙi, can ta ce ita ma ta yi wannan tunani. Amma wutar Amurka 120 ce, tamu 230, ga ɗaukewa da dawowa da ƙarfi, kuma allon lantarkin keken ba ya jure haka sai an yi masa tanadi na musamman. Shimfiɗaɗɗiyar audugar sai an nemo ta. Ƙurar hunturu kuma ita da dogon nan ba sa ga maciji. Uwa uba, in wani abu ya mutu a ciki, wa za a kira? Makanikan kekenmu gwanaye ne, ɓangaren ƙarfen ba zai gagare su ba tunda ɗan'uwan keken masana'anta ne, amma kayan gyaran lantarkin sai daga ƙetare. Ban ce ba zai yiwu ba, kuma har yanzu ina ganin akwai abin yi da tarkacen yadinmu. Sai dai wanda zai fara, da makaniki da wuta zai fara, kafin ya kai ga keke.

Yaya ta bi shawarar matar gona. Ta sami shago a gefen St. Louis mai ba da haya, ta yi darasi, ta ɗinke barguna daga cikin na kabad, ina zaune ina miƙa mata fil. Ta fito da ciwon ƙafa da fara'a, ta ce wannan ɓangaren ma tana so, har ya fi yankan daɗi. Sai ta zaɓi keke mai inci 20, da na'urar daidaita taku, da babban bobin don kada ta riƙa tsayawa canji, ba kwamfuta, amma irin wanda za a iya ƙara masa ita daga baya. Ɗakin ƙasanta bai ɗauki teburin ƙafa 12 ba, ta ɗauki na 10, ta ce bargon da ya fi ƙarfinsa za ta kai shagon haya. A wurin dilan wannan shagon ta saya, duk da ta ga mai rahusa a intanet, saboda shi zai kawo, ya haɗa, ya koyar, kuma in an kira shi zai zo.

Ranar da aka kawo, mutum biyu suka shigo da kwalaye ta ƙofar baya. Haɗa teburin bai ɗauke su lokaci ba. Daidaita shi ne ya ci rabin yini. Daɓen ɗakin ya ɗan karkata wajen magudanar ruwa, kuma in teburi bai zauna daidai ba, keken zai riƙa gangarawa da kansa yana jan hannun mai ɗinki. Suka bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin ruwa suna murɗawa, suna sakin keken a wurare daban-daban su ga ko zai motsa, har ya tsaya cak duk inda aka bar shi. Sannan suka ɗaga tsayin teburin ya zo daidai da gwiwar hannun Yaya.

Babban cikinsu ya ce kada ta ɗaura bargon da take ji da shi tukuna. Ta sayi farin akoko mai araha ta cika shi da da'ira da ganye da rubutu, ta cire, ta ɗaura wani. Ya ce akwai ƙungiyoyi irin su Project Linus da ke karɓar barguna don yara marasa lafiya, kuma ƙananan bargunan yara su ne makarantar kowace mai koyo. Yaya, wadda ta yi rabin rayuwarta a ɗakin majinyata, ta ce ta san inda za su. Bargon da ta haɗa da atamfar mahaifiyarmu kuwa ta ce sai baɗi, in Allah ya kai mu, kuma ta sa ni alkawarin aiko mata da shuɗin yadin rini na Ƙofar Mata da za ta yi masa baya, in haɗa da ƙarin inci huɗun nan ta kowane gefe.